Ganin Gida a Glenridding

Dillalin ya makara da minti ashirin,
tumaki ne, in ji shi, suka tare hanya.
Na ce ba komai.
Wadda ta shekara tara tana biyan haya a Carlisle
ba ta rasa haƙurin jiran tumaki ba.

Ginin dutse ne, rufinsa ma dutse,
tsauni a ƙeya, Ullswater a goshi,
ruwan a kwance, shiru, kamar bai taɓa laifi ba.
Ƙofar gajera ce. Sai da Tasi'u ya sunkuya
ya shiga kamar mai gaida surukai.

Na shafa bangon falo,
sanyi ya kama tafina, danshi ya biyo baya.
Daidai ƙuguna ga wani zane a miƙe
da fenti ya kasa rufa wa asiri.
"An daɗe da yi," in ji dillali, idonsa a agogo.
Ni kuwa jikar Sarkawa ce,
na san sa hannun ruwa in na gan shi.

Tasi'u na juya waya yana neman gabas.
Nuratu ta haye sama da gudu,
ta zaɓi ɗaki tun ba a yi ciniki ba,
wai daga tagarsa ana ganin jirgin ruwa.

A bayan gida, ta saman katanga,
wata tsohuwa, Edna Birkett, da almakashin lambu:
"In sanyi ya shigo, rana ba ta hayo wancan tsaunin
sai ta ga dama.
Ƙirga hayaƙi, 'yar nan, kada ki ƙirga rufi."
Na ƙirga. Gida goma sha ɗaya a layin,
uku ne ke numfashi.
Sauran na masu hutu ne,
makullansu na kwana a akwatin ƙarfe jikin ƙofa.
Ɗanta, ta ce, an haife shi a wancan ɗakin,
yanzu haya yake a Penrith, kuɗin nan sun fi ƙarfinsa.
Sai ta dube ni sosai:
"Kwana za ku yi, ko leƙe?"

Ban amsa ba, wayata ta yi ƙara.
Inna ce daga Yawuri, muryar na yankewa,
don nan sai ka hau tudu kake samun layi.
Na juya mata kyamara ta ga tafkin.
Ta yi shiru. Ta ce, "Ruwan nan ba ya da kifi ne?
Ban ga kwalekwalen kowa ba."
Sannan ta ce, "Gidan kakarki yana ƙarƙashin Kainji,
da turminta, da bishiyar tsamiyarta.
Ban hana ki ba.
Amma in ta Allah ta kasance a can,
wa zai yi miki wanka?"

A mota na juya bayan rasit ɗin kantin magani,
na rubuta farashi, na cire abin da muka tara,
na ɗora inshorar ambaliya, da itacen hunturu,
da man zuwa Juma'a, awa guda in hanya ta yarda.
Lissafin ya ƙi zama.
Na sake. Ya zauna da ƙafa ɗaya.

Duk da haka, da la'asar ta sauko kan ruwan,
wani abu a ƙirjina da ya daɗe a tsaye
ya nemi wuri ya zauna.

Na ce wa dillali za mu dawo,
amma ba ranar da sama ta yi kwalliya ba.
Ina son ganin gidan nan cikin Janairu,
ruwa na dukan taga, rafi na zage-zage,
in ji ko zai iya kallona ido da ido.

Nuratu ta yi barci kafin mu kai Pooley Bridge,
hannunta a dunƙule.
Da na buɗe, tsakuwar bakin tafki ce,
har yanzu da laima.